Saura Hannun Injiniya

Ba a bakina kuka ji ba, amma ranar da katafila ta doshi rijiyar garin, matar akawun aikin hanya ta fi kowa salati.

Mutanen gari sun rubuta takarda suna roƙon a karkatar da hanyar Funtuwa taku ashirin kacal, don rijiya ta tsira. Heluma, shugaban leburori, ya sa hannu, dagaci ya dangwala, hakimi ya buga hatimi, saura injiniya. Akawu ya taho gida da takardar, zai kai masa da safe, sai ta yi ɓatan dabo. Injiniya ya ce ba ya canja layi da baki. Kafin wata takardar ta zagayo, aiki ya iso.

"Wanda ya ɓatar da ita, Allah ya isa!" in ji wata tsohuwa, tana hararar akawu.

Ya sunkuyar da kai. Matarsa ta ce amin.

Yo ita mai tuyar ƙosai ina ta san boko? Takarda ta gani mai kauri, wadda ba ta tsotsar mai. Ƙosai ta ƙunshe wa tsohuwar nan a ciki, har da gyara.