Wankan Babur

Ana gobe Bature zai fita rangadi daga Dutse zuwa Jahun, wayar totur ɗin babur ɗinsa ta cije. Baba ne mai kula da babur ɗin. Shekara ashirin ya yi yana kiwon dawakin hakimi, don haka kullum sai ya wanke babur fes, kamar doki. Ashe ruwa na kwanciya cikin kuben wayar, har tsatsa ta kama ta.

"Gobe bulala, jibi kora," in ji Baba.

Inna ta dube shi. "Malam, wata uku kana masa wanka, ka taɓa shafa masa mai? Ko jariri ba a yi masa haka."

Ta sa ya kwance wayar, ya rataye ta a jikin dabino. Da gashin kaza ta riƙa ɗiga ragowar man gyaɗarmu ta sama, yana fitowa ta ƙasa jajawur, har ya koma garau.

Da safe Bature ya murɗa totur, babur ya amsa. Ya shinshina tafinsa, ya tafi.

A ranar, miyarmu ba ko ɗigon mai. Baba ya suɗe kwanonsa, ya yi hamdala, ya ce a ƙaro.