Hoton Laure Ba Ɗankwali

"Sai kin goge hoton nan," in ji Ilu, yana nuna Safinatu mai ɗaukar hoto da yatsa. "Matar ƙanena ce kika watsa a duniya, kai ba ɗankwali."

Hoton ya riga ya zaga wayoyi daga Ɗanzomo har Gumel: Laure durƙushe a ƙofar asibitin ƙauyensu, inda Ilu ke aiki, gashinta a waje, ɗiyarta Zinariya a cinya.

Ilu ya sa aka kirawo Laure don ta faɗa da bakinta. Ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo.

"Yaya, ai ɗankwalina yana cikin hoton. Ga shi nan ɗaure a ƙafar Zinariya, inda maciji ya sare ta."

Ta juya ga Safinatu. "Kada ki goge. Ki wanko shi babba, a manna a kasuwa, kowa ya ga kwaɗon da ke jikin ƙofar nan."

"Ke ba ki da kunya?" in ji Ilu.

"Tare da ɗiyata aka binne ta, Yaya. Kai dai ka gaya wa mutane inda ka tafi ranar, tunda makullin asibitin a aljihunka yake."