Jirgin da Bai Taɓa Shan Ruwa Ba

Ranar Laraba aka hana Baba Gado shiga gidan tarihin jiragen ruwa na Yauri da jarkar ruwan Kwara a kafaɗa.

Jirginsa ne a ciki. Shekara biyu ya yi yana haɗa shi da katakon maɗaci, ya toshe gaɓoɓinsa da auduga, ya sassaƙa masa filafilai biyu. Saura kwana takwas ya sauke shi a kogi aka kafa dokar hana jirgin katako taɓa ruwa. Yanzu jiragen ƙarfe marasa matuƙi ke ƙetarar da mutane, na katako kuwa an jera su a ɗaki mai sanyi.

"Baba, ka san doka," in ji Hansatu mai tsaron ƙofa. "Ko ruwan leda ba ya shiga."

"'Yata, sabon jirgi sai an nutsar da shi kwana uku, katako ya sha ya kumbura, gaɓoɓi su kama juna. Nawa bai taɓa sha ba. Tsagewa zai yi."

"Ai ba inda za shi, Baba."

Ya dire jarkar a waje, ya shiga. Allon da ke gaban jirgin ya ce irinsa mutanen dā suke hawa. A watan jiya farcensa kaɗai ke shiga tsagar gefen. Yau yatsansa ya shige duka.

Da zai fita ya miƙa wa Hansatu takardar roƙo ta huɗu. Har yanzu ba a amsa ta farko ba.