Mai Kai Matan Saigon Ziyara

Duk shekara, da an sauko daga Mina, Sa'adatu takan tsaya a ƙofar Harami da sassafe tana jiran matan Saigon. Muɗawwifinsu, wanda ke sauke su a gidansa, shi ya ɗauke ta aikin kai su ziyara. Bai sha wahalar zaɓe ba, don ita kaɗai ce a unguwar Hindawiyya ke roƙon a ba ta su. Sauran matan Takari sun fi son alhazan Kano da Sakkwato, waɗanda ake jin maganarsu.

Tana da dalilinta. Mijinta Rabe, wanzami ɗan wanzamai a Damagaram, Faransa ta kwashe shi soja zuwa Indoshin, ƙasar da masu rediyo ke ce wa Biyetnam, inda birnin Saigon yake. Ranar tafiya ya ce mata jiragen soja ta tekun Jidda suke bi, in ya rayu a Makka za su haɗu. Ta biyo yayanta ta Chadi da Sudan, ta zo ta zauna. Yaƙi ya ƙare, sojoji suka koma gida, babu Rabe, babu wanda ya ga gawarsa.

Alƙali ya ce in ta nema zai raba auren. Ba ta nema ba. Garba mai tsire, wanda ya daɗe yana aiko mata da ƙunshin nama yana neman aurenta, bana ya gaji.

"Ni fa ba Dutsen Arfa ba ne, Sa'a," in ji shi. "Ranar da alhazan nan naki suka tashi, ko ki amsa ko in haƙura."

"Wa ya riƙe ka? Duba, namanka na ƙonewa."

Kamar kullum, ta sa muɗawwifi ya tambayi mazan ayarin ko sun san wani baƙin soja. Suka dubi juna, suka ce ba su san soja ba. Mata kuwa ba ta taɓa tambayarsu ba. Me mace ta sani game da barikin soja?

Cikin matan bana akwai Rohima, 'yar siririya mai tsintaccen Larabci, wadda ta manne mata tun ranar farko tana yawan kallon fuskarta. Sa'adatu ta hau da su Dutsen Abu Kubaisi, ta tsayar da su a bayan katangar maƙabartar Ma'ala, ta kai su gindin Dutsen Nur. In an zauna hutawa sai aiki ya juya, Rohima ta zama mai rakiya. Da hannu da guntun Larabci takan zaga da Sa'adatu ƙasarsu: gidaje a kan ƙafafun itace, kogi mai kasuwa a bisa ruwa, hasumiyoyin jan bulo da kakanninsu suka gina a bakin teku, waɗanda ita ma sau ɗaya ta gan su. Sa'adatu takan lumshe ido tana neman Rabe a kowace kwana.

Ran nan ta kawo musu fura. Matan suka ɗanɗana suka yamutsa fuska cikin ladabi. Rohima ta karɓi ludayi, ta ƙara damawa, ta shanye.

Da mijinta Rohima ta zo, da 'yarsu ƙarama. Shi ya aske kan duk mazan ayarin a Mina, amma tun da aka dawo bai leƙa waje ba. Ya ce zafin Makka ya yi masa yawa, shi zai zauna da yarinya, ita ta je ta ga gari.

"Miji mai zaman gida, mai reno?" Sa'adatu ta riƙe baki. "Ƙanwata, ki riƙe shi da hannu biyu. Irinsu sun ƙare."

Ta koya mata turara zane. Ta ƙulle mata yaji da daddawa, ta nuna mata yadda ake sa su a miya, ko da ba su san daɗinsu ba a can. Washegari Rohima ta ce mijin ya ci har ya yi hawaye. Sa'adatu ta yi dariya, ta ce barkonon Takari ba wasa ba ne.

Ranar tashinsu ta bi ta wajen Garba.

"Ka haƙura, Malam Garba. Rabe ba ya saɓa magana. In bai iso ba, yana hanya."

Garba ya juya tsirensa. "Halas, shi ke nan. Allah Ya kawo shi."

Ta tarar da motar Jidda ta cika. Maza na can sama kan kaya, kowa ya naɗe kai da fuska saboda ƙura. Ɗaya daga cikinsu ya juya baya yana ta gyaran igiyar da ba ta kwance ba. Direba ya fara ihun yalla, yalla, sai ga Rohima ta sauko da gudu, rungume da yarinyar a cikin mayafi, tana son Hajiya ta sa mata albarka kafin su tafi.

Sa'adatu ta karɓe ta, ta yi bisimilla, ta yaye mayafin. A kumatun yarinyar akwai tsaga uku-uku da 'yar karkatacciya a ƙarƙashin ido, tsagar da wanzaman gidan su Rabe ba sa yi wa ɗan kowa sai nasu.