'Yanci a Cikin Babbar Riga

Da mai gyaran rediyo ya haɗa wayar ƙarshe, akwatin ya ɗauki ƙugi, amma farantin ko ƙyalli bai yi ba.

Alhaji, attajirin Ƙofar Rini, ya fara gumi. Daga Ikko ya sayo farantin nan mai haske ba kwan fitila ba lagwani, har ya cika baki cewa ranar 'yancin kai shagonsa zai haska kore kamar sabuwar tuta. Batirin mota ya kasa tayar da shi, shi ya sa aka ƙera akwatin da ke juya wutar batirin gaba da baya.

"Ya kama, Alhaji," in ji mai gyara. "Hasken ranar Sakkwato ne ya fi ƙarfinai."

Jama'a suka fara ƙus-ƙus. Alhaji ya lulluɓe farantin da babbar rigar jikinsa, ya leƙa. Kore shar!

"Ku yi layi!"

Har la'asar dattawa na cusa kai ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon majemi, wanda wari bai taɓa kora ba, ya fito yana toshe hanci.

"Na ga 'yancin," ya ce. "Ashe sai an shiga hammatar mai kuɗi ake ganinai."