Kwanon da Aka Kai wa Inna Dudu

Unguwar Masaƙa ta ci kyautar a biya mata kuɗin ruwan famfo na shekara guda. Wata gidauniya mai binciken zumunci, wadda ke ba da kyautar, ta sanar ranar Laraba cewa na'urorinta na ƙofar gidaje sun nuna babu unguwar da ta kai ta aika wa maƙwabta kwanon abinci.

Da azahar maƙwabciya Asabe ta shigo wa Inna Dudu, tsohuwa mai zama ita kaɗai, da kwano a rufe. Inna ta ɗaga murfin. Babu komai ciki.

"Asabe, yau ma?"

"Inna, yi haƙuri, yaushe zan zauna girki? Miƙo kwanon, gidan gaba suna jira."

Na'urar ƙofar gidan ta ƙyafta, ta ƙirga kwanon. Har la'asar ba a san ko Inna ta ci wani abu ba.