Gonar Bakin Gulbi

Ɗansa ya jefar da jaka a tsakar gida, ko sallama babu.

Tsohon ya danne tarinsa. Shi ya tura ɗan nasa kudu bayan an rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, a nan arewa, ya karɓo masa gonar gado a ƙauyen da kakansu ya sara a bakin gulbi. Da labarin ƙauyen ya raini 'ya'yansa, har da geron da ke ɓoye raƙumi don tsayi.

"Ka ga gonar?"

"Daga nesa, Baba. Ƙannenka sun tare ni da sanduna."

"Ba ka faɗi sunana ba?"

"Na faɗa! Suka ce mai sunan nan ya mutu a arewa tuntuni, an raba gado. Har rumfar da aka yi zaman makokinka suka nuna mini."